Malbaza: Tarihin Garin Siminti

Malbaza gari ne a jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, gabas da Birnin Ƙonni, a bakin babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta nufi Maraɗi. Shi ne babban garin gundumar Malbaza, wadda aka cire daga gundumar Ƙonni a 2011, kuma ƙidayar 2012 ta sami mutane sama da 230,000 a cikinta. Mafi yawansu Hausawa ne manoma. Amma ko'ina a Nijar, da an ce Malbaza, siminti ne ke zuwa a rai.

Arzikin ƙarƙashin ƙasa

Manyan biranen masana'antu na Amurka, irin su Chicago da Cleveland, a bakin tafki suka girma, domin ruwa ne ke kawo masu ƙarfe da sauran kaya. Ruwan da ya gina Malbaza kuwa ya daɗe da ƙafewa. Shekaru wajen miliyan 60 da suka wuce, teku ne ya mamaye wannan yanki har zuwa ƙasar Sakkwato. Ɓawon halittun cikinsa ya yi ta kwantawa har ya daskare ya zama dutsen farar ƙasa, kuma har yau masu haƙa suna cin karo da burbushinsu. Irin wannan dutse ne ya sa aka kafa masana'antar siminti ta Kalambaina a Sakkwato, wadda ta fara aiki a 1967.

Masana'anta ta farko

Bayan samun 'yancin kai a 1960, gwamnatin Diori Hamani ta ga ba zai yiwu ƙasar da ba ta da gaɓar teku ta dogara kacokan ga simintin waje ba, tunda kuɗin jigila kan ninka farashin kaya mai nauyi. Aka kafa kamfanin siminti na gwamnati, SNC, masana'antarsa ta fara aiki a Malbaza a 1966 da ƙarfin tan 40,000 a shekara. Ana niƙa dutsen da yumɓu, a gasa a tanderu mai zafin da ya kai digiri 1,450, sannan a sake niƙawa a zuba a buhu.

Gidajen ma'aikata da kasuwa da tashar manyan motoci suka taso a gefen masana'antar, har unguwar ta sami sunan Malbaza Usine. Sai dai injuna sun tsufa, buƙatar ƙasa kuma ta yi wa abin da ake samarwa nisa. A 1998 aka sayar da kamfanin ga 'yan kasuwa, kamfanin Scancem na ƙasar Norway ya karɓi ragamarsa, shi ma Scancem daga baya ya koma hannun kamfanin Heidelberg na Jamus.

Sabon zamani

A ƙarshen 2018 sabuwar masana'antar MCC ta soma aiki da ƙarfin tan 650,000 a shekara, wato ninki 16 na ta farko. A shekarar ce kuma aka buɗe tashar lantarki mai aiki da hasken rana, mai ƙarfin megawat 7, da rancen ƙasar Indiya.

Halin garin

Masana'anta ba ta raba Malbaza da fartanya ba. Gero da dawa su ne abincin gida, kuma a cikin gundumar ne Galmi take, garin da albasarsa ta yi suna a kasuwannin Afirka ta Yamma, inda akwai asibitin mishan tun 1950. A kan kwalta guda za ka ga motar siminti da motar albasa suna bin juna. Ƙurar dutse kuwa mazauna kusa ne ke shaƙarta, ramukan haƙa kuma a ƙasarsu suke. Garin da ya ba Nijar simintin gina makarantu da asibitoci fiye da shekara 50 ya cancanci a ga alamar wannan arziki a titunansa da ajujuwan 'ya'yansa.