Giwar Ruzbelt ta Farko: Bindiga Mai Baki Biyu a Kurmin Dutsen Kenya

Cikin watan Agusta na shekarar 1909, a kurmin da ya lulluɓe gindin Dutsen Kenya, wani magidanci ɗan shekara 50, mai tabarau, wanda idonsa na hagu bai gani sosai, ya tsaya kamar taki talatin daga toron giwa, riƙe da bindiga mai baki biyu. Wata biyar kafin wannan rana shi ne shugaban ƙasar Amurka. Sunansa Tiyodor Ruzbelt, kuma wannan ce giwar da ya fara halbi a rayuwarsa. Shi da kansa ya ba da labarin cikin littafinsa African Game Trails, wanda ya fito a 1910. Ya cancanci malamai su sake dubansa, domin abin da ya auku cikin ƴan daƙiƙu a wannan kurmi yana nuna wanda ke da ikon kashe giwa a Afirka zamanin mulkin mallaka, da kuma waɗanda guminsu ya kai shi gabanta.

Ruzbelt ya sauka daga mulki ranar 4 ga Maris 1909. Ranar 23 ga wata ya shiga jirgin ruwa a Niyu Yok, ya sauka Mombasa ranar 21 ga Afrilu tare da ɗansa Kermit. Ƙasar tana hannun Ingilishi, kuma sai a 1920 ne aka raɗa mata suna Kenya. Da sunan ilimi aka yi tafiyar: cibiyar Smithsonian ta Washinton ta haɗa shi da masana halittu uku, attajirai irin su Andiru Karnegi suka zuba kuɗi, mujallar Scribner's kuma ta biya shi dala 50,000 domin ya riƙa aiko mata labari. Ayarin ya ƙunshi ƴan dako sama da 200, ɗauke da tantuna da abinci da buhunan gishirin adana fatu.

Bindigar

Cikin bindigogin da ya tafi da su, wadda ya tanadar wa giwa ita ce ta kamfanin Holland & Holland na Landan, kyauta daga wasu manyan Ingila su 56. Wanda ya jagoranci kyautar, Edward Buxton, shi ne ya kafa ƙungiyar kare namun dajin daular Ingila a 1903, ƙungiyar da masu ba'a suka riƙa kiran mutanenta mahauta masu tuba, saboda yawancinsu tsofaffin mahalba ne.

Bindiga mai baki biyu tamkar bindigogi biyu ce da aka haɗa kan kota guda, kowane baki da kunamarsa. In mahalbi ya ja ta farko, ba ya buƙatar taɓa kome kafin ya ja ta biyu, in kuma ɗaya ta ƙi tashi, ɗayar tana nan. A kurmi, inda giwa kan iya cim ma mutum kafin ya ƙirga uku, wannan halbi na biyu shi ne tsakaninsa da ajali. Tsadarta daga aikin hannu take: maƙeri yakan yi ta saita bakunan biyu, yana gwadawa yana gyarawa, har sai harsasansu sun faɗa wuri guda. Harsashin ta Ruzbelt yana da faɗin milimita 11 da rabi da nauyin giram 31, kuma albarushi marar hayaƙi ke tura shi.

Wannan ba ƙaramin sauyi ba ne. Firedirik Selus, mahalbin da ya taimaka wajen shirya tafiyar, ya fara farautar giwa a kudancin Afirka a 1872 da bindigar da ake ɗurawa ta baki, mai jefa dalma ta giram 110 ko fiye, mai naushin kafaɗa, mai turnuƙe gaban mahalbi da hayaƙi. Amma sabuwar ma tana da iyakarta: bayan halbi biyu sanda ce kawai, sai an karya ta an sake ɗuri.

Ranar farautar

Daga garin Nyeri suka hau dutsen cikin ruwa da hazo. Jagoran ayarin shi ne Kaningham, ƙwararren mahalbi ɗan Sikotlan, amma masu bin sawun mutanen kurmin ne, waɗanda littafin ya kira Ndorobo. Wannan suna daga harshen Masai ya fito, kuma da shi makiyaya ke kiran marasa shanu masu rayuwa da farauta da ɗibar zuma. Su ke duban kashi su san ko sabo ne, su karanta karyayyen reshe, su hau itace su leƙa, su kula da inda iska ke kaɗawa. Giwa ba ta da ƙarfin gani, amma shinshinarta ba ta kuskure, in iska ta juya, wahalar yini ta tashi a banza.

Da suka kusanci garken, kunne ya riga ido. Suna jin ƙugi da karyar rassa, amma ganye ya rufe kome. Suka yi ta sanɗa har kan wani toro mai manyan haure ya bayyana. Nan ne wuyar aikin take. Ƙwaƙwalwar giwa tana can baya, tsakanin kafofin kunne, kuma ƙashin da ya kewaye ta mai ramuka ne kamar saƙar zuma, yana shanye ƙarfin harsashi. Ruzbelt ya auna kusa da ido ya ja kunama. Toron ya yi tangaɗi, bai faɗi ba. Ya sake masa baki na biyu, sai ya kife.

A daidai wannan lokaci, bindiga fanko, sai kurmi ya tsage ta hagunsa, wani toron ya fito a guje, kusa ƙwarai har yana iya taɓa shi da hannu. Ruzbelt ya yi tsalle ya fake bayan itace, yana karya bindiga yana zubar da kwanso. Kaningham ya saki nasa bakuna biyu, ya faɗa cikin ciyayi. Toron ya tsaya, ya juya, ya ɓace cikin duhuwa da raunukansa. Da ba domin bindiga ta biyu ba, da mai yiwuwa wani ne zai rubuta labarin. Da dare aka hura wuta, Ruzbelt ya tsire yankan zuciyar giwar ya gasa ya ci, ya ce ya ji daɗinta. Fiɗa kuwa, da kankare fata mai kauri, da cusa mata gishiri, da sauko da ita daga dutse, sun ci kwanaki, kuma a kan ƴan dako ta sauko.

Kafin ayarin ya watse a Hartum cikin Maris 1910, uba da ɗa sun kashe manyan dabbobi 512, cikinsu har da giwa 11.

Dokar da ke bayan bindigar

Littafin ya ambaci wasu masu riƙe masa bindiga da sunayensu, amma waɗanda suka gano sawun sun shige cikin tarihi da sunan da maƙwabta suka laƙaba musu. Rashin sunan kuwa bai kai dokar nauyi ba. Yarjejeniyar Buruksel ta 1890 ta hana sayar wa baƙar fata bindigogin zamani a mafi yawan nahiyar, sai dai adaka da albarushin kasuwa. Yarjejeniyar Landan ta 1900 kan namun daji, ko da yake ba ta fara aiki a hukumance ba, ta zama abin koyi ga dokokin ƙasashen mallaka: takardar izini mai tsada, taƙaita farauta da rami da raga, ƙwace hauren da bai kai kilo 5 ba. A ƙasar da Ruzbelt ya sauka, takardar baƙon mahalbi fam 50 ce. Ta haka mutumin da kakanninsa suka rayu da giwa ya zama ɓarawon daji in ya kashe ta, ya zama ɗan ƙodago in ya nuna wa baƙo inda take.

Wannan labari ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. A ƙarni na 19 fatakenmu sun bi haure har Adamawa, ayarin raƙuma kuma sun ɗauke shi daga Kano, ta Damagaram, zuwa Tarabulus. Mahalbanmu sun san sango, mashin da ake ɗurawa cikin bindiga domin giwa. Ke nan hannun baƙar fata ma yana cikin cinikin da ya rage giwaye domin a yi mataji da ƙotar wuƙa da allunan fiyano a Turai da Amurka. Sai dai da doka ta zo, mai sango ta fara kamawa, mai baki biyu kuwa ta ba shi takarda.

Adalci ya wajaba ga Ruzbelt. A zamanin mulkinsa ya sa wajen eka miliyan 230 na ƙasar Amurka ƙarƙashin kariya, ya kuma bayyana cewa ɓacewar giwa babbar hasara ce ga duniya. Fatu da ƙasusuwan da ayarinsa ya tara suna nan a Washinton, masana na amfani da su. Giwa 11 kuma ba kome ba ce kusa da ta ƴan cinikin haure irin su Karamoja Bel, wanda shi kaɗai ya kashe sama da 1,000. Amma littafinsa ya yi kasuwa, ya cusa wa attajirai sha'awar zuwa Afirka ta Gabas su gwada kansu da giwa, farautar baƙi ta zama sana'a mai kamfanoni da ƙwararrun jagorori.

Kenya mai ƴancin kai ta hana farautar giwa a 1973, ta hana farautar manyan namun daji baki ɗaya a 1977. Hakan bai tsayar da ɓarna ba, domin bindigogin yaƙi masu aman harsashi sun maye gurbin mai baki biyu. An ƙiyasta giwayen Afirka sun ragu daga wajen miliyan 1.3 a 1979 zuwa wajen 600,000 a 1989. A wannan shekara shugaba Daniyel arap Moi ya cinna wa tan 12 na haure wuta a Nairobi, yarjejeniyar CITES kuma ta hana cinikinsa tsakanin ƙasashe. Ƙiyasin 2016 ya ba da wajen 415,000. A Nijar, ƴan giwayen da suka rage suna yankin gandun dajin W, wanda aka mayar wurin kariya na ƙasa a 1954.

Malamin da zai kawo wa ɗalibansa wannan labari zai iske sun fi ɗokin jin wurin da toro na biyu ya fito, kuma ba laifi. Amma bayan nan yana da kyau ya tambaye su: wa ya gano sawun, wa ya ɗauko fatar, kuma wace doka ce ta hana su riƙe irin bindigar? Amsar tambaya biyu na farko tana cikin littafin ga mai karatu da natsuwa. Ta ukun kuwa sai an nemo ta a takardun Buruksel da Landan, da kuma bakin tsofaffin mahalban da suka rage a garuruwanmu, tun ba su ƙare ba.