Wutar Malbaza da ke kwance cikin buhu

Hutun bara na bi kawuna, magini, wajen aiki a Ƙonni. Da marece muka zuba kankare, da asuba na ɗora hannu a kai na ji ɗumi, alhali rana ba ta fito ba. Na tambaye shi, ya ce: "Kai ɗana, siminti zazzaɓi shika yi, ɗauko ruwa ka ba shi." Daga nan na shiga bin asalin zazzaɓin nan.

A 1824 wani magini a Ingila, Joseph Aspdin, ya yi rajistar simintin da ake kira Portland. Mu kuwa sai bayan samun 'yancin kai a 1960, zamanin Diori Hamani, aka kafa masana'antar siminti a Malbaza, don akwai dutsen farar ƙasa a wurin.

Dutsen nan ba ya sakin iskar kabon da ke cikinsa sai zafi ya kai wajen digiri 900. Kowane giram 100 yana shanye kusan kilojul 178. Sannan a haɗe da yumɓu a ci gaba da gasawa har digiri 1450. Wannan canji ne mai shan zafi. Ranar da aka kwaɓa simintin da ruwa kuma, sai a shiga canji mai fitar da zafi: wani kaso na ƙarfin da wuta ta ajiye ya dawo. Ɗumin da na ji ke nan.

Wajen 1783, Lavoisier da Laplace a Faransa sun auna irin wannan zafi da yawan ƙanƙarar da ya narkar. A 1840 Germain Hess ya nuna cewa jimillar zafin canji ɗaya ce, ko ta wace hanya aka bi. A shekarun 1930, masu gina dam ɗin Hoover a Amurka sai da suka binne bututun ruwan sanyi cikin kankare don kar ya tsage.

To ƴan uwa, in buhu ya yi tsada, ku tuna makamashi ne kaso babba na kuɗin. In kuma an aike ku ba bulo ruwa, kar ku yi ganda. Ruwan yana cikin haɗin. In ranar Ƙonni ta shanye shi da wuri, bango ne zai tsage.