Mawaƙi Mai Zaman Kansa a Ƙasar Kano: Daga Fada Zuwa Wayar Hannu

Mawaƙi mai zaman kansa, a yadda aka san shi a ƙasar Kano yau, shi ne matashin da ke tsara baitukansa, ya ɗora musu kari, ya rera da muryarsa, ya biya kuɗin situdiyo daga aljihunsa, sannan ya saki waƙar da sunansa ba tare da jiran umarnin basarake ko furodusan fim ba. Nura M. Inuwa, Ali Jita, Ado Gwanja da Hamisu Breaker suna cikin fitattun wannan rukuni, kuma a bayansu akwai tarin samari a unguwannin birni da garuruwan karkara irin su Gwarzo, Getso, Kabo, Garo da Gude, waɗanda sunansu bai wuce ƙaramar hukumarsu ba. Tarihin wannan sana'a ya rataya a kan abubuwa uku: wa ya mallaki kayan kiɗa, wa ke riƙe da hanyar kai waƙa kunnen jama'a, kuma wa ke biyan mawaƙi. Matashin yau ya karɓe na farko da na biyu. Na ukun ne har yanzu bai shigo hannunsa ba, kuma daga nan ne yawancin matsalolinsa suke tasowa.

Tushe biyu

A tsarin dā, babban makaɗi na da ubangida. Ibrahim Narambaɗa ya yi wa Sarkin Gobir na Isa Ahmadu kiɗan kotso, Salihu Jankiɗi kuma ya yi wa Sarkin Musulmi Abubakar na Uku kiɗan taushi. Ubangida ne ke ba da doki da riga da hatsi, shi ne kuma jigon waƙa, don haka makaɗi ba ya zaɓen abin da zai faɗa sai a cikin da'irar yabon mai gida da zambon abokan hamayyarsa. Ƙungiyar ma babba ce, da makaɗa da 'yan amshi da sanƙira, kuma galibi gado ake yi. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya faɗaɗa wannan da'ira da kalangunsa, ya yi wa sarki da direba da attajiri da manomi waƙa, bai ɗaure kansa a fada ɗaya ba. Amma wanda ya fi kusa da siffar mawaƙin yau shi ne Adamu Ɗanmaraya Jos, da aka haifa a Bukuru a 1946, ya rasu a 2015. Shi kaɗai yake tsayawa da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya, ba ɗan amshi, ya yi waƙar karen mota da zaman aure da halin ɗan Adam. Ya mallaki kayan kiɗansa da jigonsa, sai dai hanyar isa ga jama'a tana hannun gidajen rediyo da kamfanonin faifai.

Tushe na biyu shi ne rubutacciyar waƙa ta su Sa'adu Zungur, Mu'azu Haɗeja da Aƙilu Aliyu, waɗanda suka auna baiti da amsa-amo a kan takarda, suka rera ba tare da ganga ba. Mawaƙin situdiyo ya ɗauki alƙalami daga waɗannan, ya ɗauki kiɗa da neman abinci da murya daga waɗancan. Aminu Ladan Abubakar, wato Alan Waƙa, shi ne misali mafi bayyana na wannan haɗi, domin marubucin littattafai ne kafin ya shahara da waƙa.

Zamanin fim da fiyano

Fim ɗin Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa, wanda ya fito a 1990, shi ake ɗauka mafarin sana'ar finafinan bidiyo a Kano. Zuwa ƙarshen shekarun 1990, fiyanon Yamaha ya shigo situdiyo irin na Iyan-Tama, kuma waƙar fim ɗin Sangaya na 1999 ta nuna wa 'yan kasuwa cewa waƙa ce ke sayar da kaset. Fiyano ya rushe wani tsohon shinge, domin mutum ɗaya da yatsunsa yana iya fitar da amon kalangu da algaita da sarewa, ba sai an tara ƙungiya ba, ba kuma sai an gaji kiɗa ba. Ɗan malami da ɗan tela duk suka samu ƙofa. Sai dai sabon ubangida ya bayyana, wato furodusa. Shi ke cewa ga labarin fim, a yi waƙar da za ta dace, ya biya sau ɗaya, waƙa ta zama tasa. Muryoyin Misbahu M. Ahmad, Rabi Mustapha, Mudassir Ƙasim, Sadi Sidi Sharifai da Fati Nijar sun cika gidaje da motocin haya, amma fuskar da mai kallo ke gani ta jarumi ce da ke motsa baki. Rarraba kaset da faifai kuma tana hannun 'yan kasuwar Ƙofar Wambai da Bata. Waɗannan waƙoƙin fim su ne aka laƙaba wa suna nanaye.

Abin da ya raba waƙa da fim ya zo ta inda ba a zata ba. An kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, shekarar da wayar salula ta shigo Nijeriya. A 2007, bayan wata badaƙala da ta girgiza masana'antar fim, aka naɗa Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban hukumar, aka dakatar da ɗaukar fim na wasu watanni, aka kuma ɗaure Adam A. Zango saboda kundin waƙoƙinsa mai suna Bahaushiya. A 2009 aka kama Alan Waƙa a kan waƙar Hasbunallahu. Da ƙofar fim ta ƙuntata, mawaƙa suka koma sakin waƙa tsurarta, jama'a kuma suka riƙa tura ta daga waya zuwa waya ta Bluetooth. Hukuma na iya kwashe faifai daga shago, amma ba ta da hanyar bin kowane aljihu. Daga nan waƙa ta koyi tafiya ba tare da fim ba, kuma a shekarun da suka biyo baya Nura M. Inuwa, Nazifi Asnanic, Ali Jita da Umar M. Shareef suka riƙa fitar da kundi da sunansu, har ya zama sunan mawaƙi ne ke jawo wa fim kasuwa.

Yadda aikin yake

Matashin da ke Gude ko Gwarzo yakan hau mota ya biyo titin Gwarzo zuwa birni da baitukansa a littafin makaranta ko a cikin waya. A situdiyo zai rera wa makaɗi karin da baki, makaɗi ya lalubo shi a fiyano, ya shimfiɗa ganga, ya ɗora sauran amo a kwamfuta. Sai mawaƙi ya shiga ɗan ƙaramin ɗaki mai soso a bango, ya sa abin ji a kunne, ya rera baiti baiti, ana tsayarwa ana maimaitawa. In waƙar na buƙatar muryar mace, a kira mai amshi a biya ta nata. Da yamma ya fito da waƙarsa a memori. A kasuwar ƙauye kuma akwai mai tura waƙa, da teburinsa da kwamfuta da lasifika da jerin wayoyin da ke caji. Mai saye ya miƙa memori, a cika masa da waƙoƙi masu yawa a kan kuɗi kaɗan. Wannan tebur ne ya kai mawaƙan birni kowace rugga da gona, amma daga abin da ake biya a kansa, da wuya wani abu ya koma ga wanda ya yi waƙar.

Hamisu Breaker

Rayuwar Hamisu Sa'id Yusuf ta tattara wannan tarihi a taƙaice. An haife shi a 1992 a unguwar Ɗorayi da ke yammacin birnin Kano, kuma laƙabin Breaker ya samo shi ne daga rawar da yake yi tun yana yaro. Ya shafe shekaru yana waƙoƙin soyayya kafin 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka kulle Kano tun daga watan Afrilu. Ba biki, ba taro, ba ɗaukar fim, wato duk hanyoyin da mawaƙi ya saba cin abinci sun toshe. A cikin wannan hali waƙarsa Jaruma ta bazu. Wajen ƙaramar sallah matan aure suka riƙa ɗaukar bidiyon kansu suna taka wa mazajensu rawa da ita, suna sakawa a Instagram da sauran shafukan sada zumunta, malamai da masu sharhi suka yi ta muhawara a kan dacewar hakan. Babu fim ɗin da ya ɗauki nauyin yaɗa ta, babu ɗan kasuwar da ya buga fasta. Masu sauraro ne suka yi tallan da kansu. Wannan ne hujja mafi ƙarfi cewa hanyar isa ga kunne ta bar hannun dillalai. Amma ba ta bar idon hukuma ba, domin a 2025 Hukumar Hisba ta Jihar Kano ta fito ta hana sauraron waƙarsa Amanata, bisa hujjar cewa tana ɓata tarbiyya.

Suka da amsa

Suka ta farko ita ce waƙar situdiyo kwaikwayon Indiya ce da aka sa wa rigar Hausa. Akwai gaskiya a ciki, musamman a nanayen farko, inda aka riƙa ɗauko karin waƙoƙin finafinan Indiya kai tsaye. Amma aro ba baƙon abu ba ne a waƙar Hausa. Malaman ƙarni na 19 sun ɗauko ma'aunin waƙar Larabci suka zuba Hausa a ciki, kuma yau ba mai cewa waƙoƙinsu ba namu ba ne. Abin dubawa shi ne abin da aka yi da aron. Ado Gwanja, alal misali, ya mayar da fiyano ga amon kalangu da salon kiɗan bikin mata, har ya zama muryarsa ce ke tashi a gidan biki daga Kano zuwa Maradi.

Suka ta biyu ita ce Hausar ta yi rauni, ba azancin Narambaɗa, ba zurfin Aƙilu. Masu wannan magana suna gwada zaɓaɓɓun jiya da tarkacen yau. Zamanin Shata ma ya yi makaɗa barkatai da aka manta, waɗanda suka fi ƙarfi ne kawai suka rage a kaset. Da ƙofa ta buɗe wa kowa, dole shirme ya yawaita, amma masu jin baitukan Nura M. Inuwa sun san karin magana da sarrafa harshe ba su ƙaura ba.

Suka ta uku ce mai nauyi: wane zaman kai ne ga wanda ke rayuwa da waƙar amarya da ango, da liƙi, da yabon ɗan takara? Wannan kam ba ta da amsa mai sauƙi. Tunda mai sauraro ba ya sayen waƙa daga hannun mai ita, kuɗin YouTube kuma sai mai ɗimbin masu kallo, mawaƙi na komawa ga mai hannu da shuni, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Dauda Kahutu Rarara ya gina sunansa a kan waƙar siyasa. Naziru M. Ahmad ya karɓi rawanin Sarkin Waƙar Sarkin Kano daga Muhammadu Sanusi na Biyu a 2018, alamar cewa fada ba ta saki mawaƙa ba. Duk da haka akwai bambanci na gaske. Makaɗin fada ubangidansa ɗaya ne, in ya juya masa baya ya rasa komai. Matashin yau iyayen gidansa da yawa ne kuma na ɗan lokaci, yana iya yi wa ango waƙa ranar Asabar, ya shiga situdiyo ranar Litinin da kuɗin ya yi wadda ransa ke so, kuma duka biyun sunansa ne a kai.

Saboda haka zaman kan mawaƙin Kano gaskiya ne, amma bai kammala ba. Fiyano ya ba shi kiɗa, waya ta ba shi hanya, sauran a samu tsarin da zai sa mai jin waƙa ya biya mai yin ta. Nijeriya ta sabunta dokar haƙƙin mallaka a 2023, sai dai doka a Abuja ba ta isa ba muddin babu hanyar karɓar haƙƙi daga gidan rediyo da mai sa kiɗa a biki da mai tura waƙa a kasuwa. Har sai mawaƙa sun haɗa kai sun gina wannan hanya, mai biyan mawaƙi zai ci gaba da samun ta cewa a kan abin da za a rera.