Wharram Percy: Ƙauyen da Tumaki Suka Gada

A arewacin Ingila, cikin yankin Yorkshire, kusa da garin Malton, akwai wani kwari da ciyawa ta lulluɓe. Abin da ido zai fara gani a wurin shi ne tsohuwar majami'a marar rufi, da tafki a gefenta, sai tudun ƙasa a jere a kan gangare. Waɗannan tuddai gidajen mutane ne a da. Sunan kufan Wharram Percy, kuma babu wani kufai a Ingila da masana suka tona suka bincika kamarsa.

Ƙauyen tsoho ne, domin sunansa na cikin kundin ƙidayar Domesday na shekarar 1086. A tsarin wancan zamani, ƙasa ta ubangida ce. Talakawa na noma 'yan gonakinsu, su biya shi galla, su kuma yi masa aiki a gandunsa. Daga dangin Percy, waɗanda suka riƙe ƙasar, ƙauyen ya samo rabin sunansa.

A 1948 ne Maurice Beresford, malamin tarihi a Jami'ar Leeds, ya fara zuwa wurin. Aka soma tono a 1950, John Hurst ya shigo aikin a 1952, aka yi ta yi duk shekara har 1990. Gidajen talakawa suka je nema. Amma a 1955, suna cikin tona gidan wani manomi, sai suka ci karo da ɗakin ƙasa na dutse a ƙarƙashinsa. Ashe gidan ubangidan ƙauyen ne, wanda aka gina a ƙarshen ƙarni na 12. An rushe shi a tsakiyar ƙarni na 13, talakawa suka yi gine-ginensu a kai, har aka manta an taɓa yin sa. Akwai wani babban gidan a arewacin ƙauyen, shi ma yau sai alamar harsashinsa a cikin ciyawa.

To, me ya kashe ƙauyen? Da yawa kan ɗora wa annobar nan ta 1348 zuwa 1349, wadda ta hallaka aƙalla kashi ɗaya cikin uku na mutanen Ingila. Lalle ta taɓa Wharram Percy, amma ba ta tashe shi ba. Mutane sun ci gaba da zama fiye da shekara 100 bayanta. Abin da annobar ta yi shi ne ta rage hannuwa a gona, ƙwadago ya yi tsada, ga kuma kasuwar gashin tumaki na ci. Masu ƙasa suka lissafa: makiyayi ɗaya da garke sun fi manoma da iyalansu kawo riba.

Wajen 1400 ƙasar ta koma hannun dangin Hilton, waɗanda ba a ƙauyen suke zaune ba. Wanda bai san sunan yaranka ba, ba wuya ya tashe ka. Wajen 1500 aka kori iyalai huɗu, aka rushe gidajensu. Mun san haka ne domin a 1517 hukuma ta sa a binciki masu mayar da gonaki makiyaya, aka rubuta abin da ya faru. Binciken bai mayar da kowa gidansa ba. Kafin tsakiyar ƙarnin, tumaki fiye da 1,000 ne ke kiwo a inda aka saba jin kukan jarirai.

Majami'ar ce kawai ta jure, saboda mutanen ƙauyukan maƙwabta na zuwa ibada a cikinta har 1949. A 1959 wani ɓangare na hasumiyarta ya faɗi. Daga maƙabartarta masana suka tono ƙasusuwan mutane 687. Ƙasusuwan sun nuna yara ba sa girma da wuri, uwaye kuma na shayarwa har kusan wata 18. Ubangida ya bar suna a takarda, talaka kuwa ƙashinsa ne ya ba da labarinsa.

An gano kufai irin wannan kusan 3,000 a Ingila. Ni da nake aikin rediyo, abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan: gobara, ambaliya da yaƙi su ne muke sa wa a kanun labarai. Ƙauyen da ke mutuwa gida ɗaya bayan ɗaya, saboda lissafin wani da ke zaune nesa, ba ya shiga labarai. Mai karatu, in ka ga kufai, kada ka tsaya a tambayar wace annoba ce ta faɗa masa. Ka tambayi wa ya ci riba da tashin mutanensa.