Tarihin Zaɓa wa Gona Irin Inabi a Burgundi

Burgundi yanki ne a gabashin Faransa da ya yi suna wajen giyar inabi, kuma a can ne al'adar zaɓa wa kowace gona irin inabin da ya dace da ita ta fi yin nisa. Cibiyar wannan noma wani siririn gangare ne mai suna Côte d'Or, wanda ya miƙe kimanin kilomita 60 kudu da birnin Dijon, galibinsa yana fuskantar gabas. Ƙasar wurin dutsen farar ƙasa ce gauraye da yumɓu. Can sama ba ta da kauri, ga sanyi. A gindin gangaren kuwa laka ce mai riƙe ruwa, inda kuranga kan zuba 'ya'ya da yawa amma marasa armashi. Tsakiya ce ta fi albarka, wajen mita 250 zuwa 300 sama da teku, domin ruwa yana tsiyayewa kuma hantsi yana duka da wuri.

Tun a ƙarni na farko marubucin Rumawa Columella ya shawarci manomi ya bambance irin da ke son fili da wanda ke son tudu. A lokacin an riga an fara dasa inabi a Burgundi, kuma wani jawabi da aka yi a gaban Sarki Kustantin a 312 ya koka kan yadda gonakin yankin suka tsufa babu kulawa.

Sufayen Kirista ne suka farfaɗo da aikin. An kafa gidan sufaye na Cluny a 910, na Cîteaux a 1098, masu mulki kuma suka yi ta ba su kyautar filaye. Fifikonsu shi ne daɗewa: gona ɗaya takan yi ɗaruruwan shekaru a hannun gida ɗaya, don haka abin da wani ya lura da shi bana ba ya bin sa kabari. Sufayen Cîteaux ne suka haɗa gonar Clos de Vougeot mai faɗin hekta 50, suka kewaye ta da katanga a ƙarni na 14. Akan ce har ɗanɗana ƙasa suke yi da harshe, amma wannan labari ne na baka. Abin da takardu suka nuna shi ne, a zamaninsu da sunan gari ake sayar da giya, kamar Beaune, ba da sunan gona ba.

Hukunci mafi tasiri daga fada ya fito. Bayan annobar da ta cinye jama'ar Turai daga 1348, ƙwadago ya yi tsada, manoma suka koma ga wani iri mai suna gamay saboda yana da yabanya kuma ba ya ba da wahala. A 1395 mai mulkin Burgundi, Filib da ake wa laƙabi da Jarumi, ya ba da umarni a tumɓuke shi, ya kira shi mugun iri maras amana, ya kuma hana zuba taki a gonakin inabi. Abin da yake karewa shi ne pinot noir, baƙin inabi mai siririn ɓawo da ƙarancin 'ya'ya, wanda da shi giyar Beaune ta samu shiga fadojin Turai. Ba a bi umarnin sau da ƙafa ba, gamay ya ci gaba da zama a filayen ƙasa har ƙarni na 19. Amma a hankali ya samu mazauni a Beaujolais, can kudu, inda ƙasar dutsen giranit ke rage masa haihuwa ta kuma gyara ɗanɗanonsa. Ashe laifin ba na irin ba ne, na wurin da aka ajiye shi ne.

Taƙaita iri ya haifar da wani abu da Filib bai nufa ba. Da yake kusan kowa pinot noir yake nomawa don jar giya, daga baya kuma chardonnay don fara, duk bambancin da aka ji tsakanin giyar gonaki biyu maƙwabta sai a jingina shi ga ƙasar. Daga ƙarni na 17 zuwa na 18 sunayen gonaki, waɗanda mutanen wurin ke kira climat, suka fara shiga kasuwa da farashi daban-daban. An gane cewa chardonnay ya fi jin daɗin ƙasa mai haske da yawan farar ƙasa, irin ta Meursault da Montrachet. Tudun Corton ya nuna wannan a fili: farin inabi a sama, baƙi a ƙasa da shi.

Juyin juya halin 1789 ya ƙwace gonakin coci aka yi gwanjonsu, dokar gado ta Napoleon ta 1804 kuma ta yi ta daddatsa su, har Clos de Vougeot ta kai ga masu mallaka kusan 80 a yau. A 1855 Jules Lavalle ya wallafa littafin da ya jera gonakin hawa-hawa bisa daraja, kwamitin noma na Beaune ya bi da taswira a 1861.

Sai ga filoksera, wani ɗan mitsitsin ƙwaro daga Amurka mai tsotse saiwa, wanda ya bayyana a Meursault a 1878. Maganin da ya yi aiki shi ne aure, irin wanda ake yi wa mangwaro: a ɗora reshen inabin Turai a kan gindin inabin Amurka da ƙwaron ba ya kashewa. A nan wata sabuwar matsala ta ɓullo, domin gindin farko da aka kawo bai jure farar ƙasa ba, ganye ya riƙa yin ɗorawa saboda rashin sinadarin ƙarfe. A 1887 gwamnati ta aika masani Pierre Viala Amurka, kuma da taimakon T. V. Munson ya gano inabin daji mai suna berlandieri a duwatsun farar ƙasa na Teksas. Tun daga nan zaɓi ya zama biyu, reshe da gindi, kowanne da ƙasar da yake so. Gonar Romanée-Conti, wadda ba ta kai hekta 2 ba, ta riƙe tsofaffin kurangunta marasa aure har 1945.

Dokar 1935 ta kafa tsarin kare sunayen asali, aka fara ba da su daga 1936. Yanzu doka ce ke faɗin iyakar kowace gona, da irin da aka yarda a dasa, da yawan amfanin da ba za a wuce ba. Sunaye 33 ne ke matakin ƙoli a Burgundi. An kuma bar wa ƙananan iri gurbinsu, kamar aligoté a ƙauyen Bouzeron. A 2015 hukumar UNESCO ta sa gonakin climat 1,247 cikin kayan tarihin duniya.

Ɗumamar yanayi ta fara taɓa wannan lissafi. Bayanan ranakun girbi na Beaune sun faro daga 1354, kuma wani nazari na 2019 ya nuna cewa tun 1988 girbi yana zuwa da wuri da kimanin kwana 13. Gonakin da ke can saman tudu, waɗanda a da inabi ke nuna da kyar a cikinsu, sun fara daraja, manoma kuma suna gwada gindin da ke jure fari da rassan pinot noir masu jinkirin nuna.