Daga Randa Zuwa Kwarhi: Tarihin Zumuncin Fastocin Arewa

  Yau zan ɗan kauce daga maganar goro da shanu da muka saba, in taɓo tarihin wasu maƙwabtanmu waɗanda muke gaisawa kullum amma da yawanmu ba mu san ta inda suka biyo ba, wato Kiristocin Arewa, musamman fastocinsu, da yadda suka riƙe junansu lokacin da duniya ta yi musu zafi.

Ni Musulmi ne ɗan Musulmi, mahaifina goro yake sayarwa a nan Agege, karatuna kuma a sakandare ya tsaya. Abin da ya ja ni ga wannan magana shi ne, a garin nan duk wanda ya haura Kwara Bahaushe ne. Bamargi ne kai ko Babur, ɗan Michika ne ko ɗan Langtang, sunanka Bulus ko Ayuba, sunanka a bakin mutanen gari "aboki". Iyayenmu da suka ga rikicin Ketu da Mile 12 na Nuwamban 1999, da na Idi-Araba na Fabrairun 2002, sun ce masu farautar 'yan Arewa ba su tsaya tambayar wa ke zuwa masallaci wa ke zuwa coci ba, kuma tare aka kwana a barikin soja. Tunda ana yi mana kuɗin goro, ai gara mu san juna.

Abu na farko da zai ba mai karatu mamaki shi ne, wannan zumunci da Hausa aka gina shi. A shekarar 1900 wata tawagar 'yan mishan ta CMS ƙarƙashin Bishop Tugwell ta tashi daga nan Ikko ta nufi Kano. Sarkin Kano Alu bai ba su masauki ba, ya ce su juya. A cikinsu akwai wani likita, Dokta Walter Miller, wanda daga baya ya zauna a birnin Zariya, kafin mishan ɗin ya koma Wusasa a ƙarshen shekarun 1920. A Wusasar nan Yakubu Gowon ya tashi, daga al'ummar nan kuma Dokta R.A.B. Dikko da Farfesa Ishaya Audu suka fito. Miller na cikin waɗanda suka yi aikin fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, wanda ya fito cikakke a 1932. Hausawan da suka karɓi addinin ba su da yawa, amma littafin ya yi tafiya zuwa inda masu fassararsa ba su zata ba: Filato, Binuwai, Adamawa, kudancin Barno da kudancin Zazzau, inda kowane tsauni da yarensa, Hausa ce kawai ke haɗa mutane a kasuwa.

Waɗannan yankuna kuwa kowanne da Turawansa. Ƙungiyar SUM, wadda wani Bajamushe Karl Kumm ya jagoranta zuwa Wase a 1904, rassa gare ta. 'Yan Ingila suna Filato, 'yan Denmak suna Numan, wasu 'yan Amurka suna wajen Takum, wasu suna ƙasar Muri, 'yan Afirka ta Kudu suna tsaunukan Mada. Can gabas kuma wata ƙungiya dabam ce daga Amurka, ta 'Yan'uwa, wadda Stover Kulp da Albert Helser suka yi sujadarta ta farko ƙarƙashin wata tsamiya a Garkida ranar 17 ga Maris 1923. Kada mai karatu ya ɗauka duk abu ɗaya ne. Wasu suna yi wa jarirai baftisma, wasu sun ce sai mutum ya girma a nutsa shi cikin ruwa. A ƙasashen da suka fito, waɗannan ɗariƙu sun shekara ɗaruruwa suna jayayya.

Duk da haka a 1955, a wani gari da ake kira Randa, a kudancin jihar Kaduna ta yau, ikilisiyoyi shida da suka fito daga waɗannan mishan suka kafa Tarayyar Ekklisiyoyin Kristi a Sudan, TEKAS a taƙaice. Sudan ɗin nan ba ta Khartum ba ce, tsohon sunan da Larabawa suka ba ƙasar baƙar fata ne. A shekarun 1970 aka mayar da sunan TEKAN, wato a Nijeriya, hedkwatarta kuma tana Jos. A lura, ba fassara sunan aka yi daga Turanci ba, da Hausa aka raɗa shi.

Dabarar da suka yi ita ce ta fi burge ni. Ba su ce kowa ya rushe gidansa a dawo gida ɗaya ba, don sun san ba za ta yiwu ba. Kowace ikilisiya ta riƙe shugabanta da aƙidarta da asusunta, sai dai ana haɗuwa a babban taro kowace shekara, yau a gidan wannan gobe a gidan wancan. Sannan suka haɗa hannu a makarantar horar da fastoci, TCNN, wadda ta fara aiki a 1959, take kuma Bukuru kusa da Jos. To ka ga saurayin da ya fito daga Numan da wanda ya fito daga Garkida da na Wukari sun yi shekaru suna cin tuwo a kwano ɗaya kafin kowa ya koma garinsu a naɗa shi. Ranar da aka ƙone cocin ɗayansu, ba sai ya nemi wasiƙar gabatarwa ba, ya san ƙofar da zai buga.

Akwai kuma wani reshe da ya shafe mu kai tsaye, mu baƙi. Lokacin da Kaduna ta zama hedkwatar Jihar Arewa, 'ya'yan waɗannan ikilisiyoyi suka cika ta, ma'aikatan gwamnati da sojoji da 'yan masaƙa. Maimakon kowace ƙabila ta gina nata cocin, sai a farkon shekarun 1960 aka yi musu guda ɗaya, Haɗaɗɗiyar Ekklisiyar Kristi a Nijeriya, HEKAN. In ka duba da kyau, wannan zango ne. Abin da kakanninmu suka yi a Agege ke nan da jirgin ƙasa ya kawo su cinikin goro: Bakano da Bakatsine da Basakkwace da Babarbare duk suka sauka a unguwa ɗaya, sarki ɗaya, harshe ɗaya. Bambancin da na gani shi ne, namu a kan maigida yake tsaye. Shi ne mai masauki, shi ne dillali, shi ne mai tsaya wa baƙo in bashi ya hau shi ko 'yan sanda sun kama shi. In Allah ya yi masa rasuwa ko kasuwa ta juya masa baya, sau da yawa gidan ya watse ke nan. Su kuwa suna da rajista, suna da ma'aji, suna da littafin da ake rubuta abin da aka tattauna. (Kuma in za a faɗi gaskiya, ƙashin bayan abin mata ne. Duk wanda ya taɓa ganin 'yan Zumuntar Mata da ankonsu da tulunan kiɗansu a gidan makoki ya san su ne ke fara isowa da tukunya.)

Gwajin farko mai tsanani ya zo a Maris 1987, lokacin da rikicin Kwalejin Ilimi ta Kafanchan ya bazu zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa, aka ƙone masallatai a Kafanchan, aka ƙone coci-coci sama da ɗari a sauran garuruwan, har da na Wusasa inda masu sujadar Hausawa ne. Daga nan sai Zangon Kataf a 1992, Kaduna a 2000, Jos a 2001. Ba zan tsaya a kansu ba, kowa a cikinmu yana da wanda ya rasa, ta wannan ɓangare ko ta wancan.

Shekarar 2014 ce ta auna zumuncin nan da ma'auni na gaske. Ekklisiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, EYN, wadda ta samo asali daga tsamiyar Garkida, ƙasarta ita ce kudancin Barno da arewacin Adamawa, wato daidai bakin Sambisa. 'Yan matan Chibok 276 da aka sace ranar 14 ga Afrilu, mafi yawansu 'ya'yan EYN ne. Gwoza ta faɗi a Agusta, Michika a Satumba. Ranar 29 ga Oktoba 'yan Boko Haram suka shiga Kwarhi, inda hedkwatar ikilisiyar da kwalejin Kulp ta horar da fastoci suke, suka wuce suka kama Mubi. Shugaban EYN na lokacin, Rabaran Samuel Dali, da ma'aikatansa da ɗalibai da iyalansu, kowa ya yi ta kansa. A Jos suka sake kafa ofis.

Sai ka san yadda fasto ke ci kafin ka gane girman abin. Faston ƙauye ba gwamnati ke biyansa ba. Daga baikon ranar Lahadi da zakkar manoman da ke zaune a gabansa abincinsa ke fitowa, gidan da yake ciki ma na coci ne. Ranar da garin ya watse, ya rasa albashi da gida da gona a dare ɗaya, kuma duk da haka shi mutanensa za su yi ta kira a waya, daga kan dutse ko daga Kamaru, suna tambaya ina za mu. Mafi yawan gundumomin EYN sun daina aiki a wannan lokaci. Fastocin da ke Jos da Abuja da Yola da Jalingo su ne suka buɗe ɗakunansu da azuzuwan makarantunsu. Waɗanda suka tsallaka zuwa sansanin Minawao a Kamaru suka tara mutanensu suka ci gaba da sujada a can. Daga waje kuma cocin 'Yan'uwa na Amurka da ƙungiyar Mission 21 ta Basel suka turo gudunmawa, aka sayi filaye aka gina wa 'yan gudun hijira matsuguni. An kuma yi ta shirya bita ta warkar da raunin zuciya, fastocin da kansu na cikin masu zama a benci, domin mutumin da ya binne rabin ikilisiyarsa shi ma yana bukatar wanda zai saurare shi.

Taimakon bai tsaya a cikin TEKAN ba. Katolika ba sa cikin tarayyar, amma Bishop Stephen Dami Mamza na Yola ya buɗe harabar babban cocin St. Theresa, dubban mutane suka zauna ba a tambayi ɗariƙar kowa ba. Shi ne kuma a 2021 ya buɗe rukunin gidaje 86 a Sangere-Marghi, ƙaramar hukumar Girei, ya gina coci a ciki, ya kuma gina wa Musulmin da ke cikinsu masallaci. Ya sha suka daga wasu mutanensa a kan masallacin. A Gurku ta jihar Nasarawa, wani ɗan EYN, Markus Gamache, ya kafa matsugunin da Musulmi da Kirista ke zaune tare. Matar Rabaran Dali, Dokta Rebecca, ta yi ta tattara sunayen waɗanda aka kashe da waɗanda aka sace ɗaya bayan ɗaya, a 2017 kuma aka ba ta lambar yabo ta Sergio Vieira de Mello a Geneva.

Ba ina cewa duk fasto waliyyi ba ne. Akwai masu zafin baki a cikinsu kamar yadda muke da namu, kuma akwai wa'azin da ya ƙara wa wuta fetur a Jos da Kaduna. EYN dai aƙidarta tun daga tushe ita ce ba a ramuwa da makami, kuma shugabanninta sun tsaya a kan haka lokacin da matasansu ke ganin wannan wauta ce. Ina kuma ganin kuskure ne mu riƙa auna faston Madagali da manyan masu coci na hanyar Ibadan, masu jerin motoci. Wancan babur ɗinsa ma na haya ne.

A Janairun 2020 aka kai hari Michika aka tafi da Rabaran Lawan Andimi, faston EYN kuma shugaban CAN na ƙaramar hukumar. A bidiyon da aka saki, cikin natsuwa ya yi magana, ya roƙi 'yan uwansa fastoci, ya ambaci shugabansa Rabaran Joel Billi da suna, su nemi hanyar fitar da shi, ya kuma bar musu amanar iyalinsa. An yi ta cinikin kuɗin fansa ba a daidaita ba. Ranar 20 ga watan aka kashe shi. Wanda ya tabbatar wa duniya labarin shi ne Bishop Mamza, Bakatolike, a matsayinsa na shugaban CAN na jihar Adamawa a lokacin. Bayan wata ɗaya aka shiga Garkida ita kanta aka ƙone coci.

Iskar wannan guguwa ta iso mu a nan. Da yawa daga cikin samarin da suka cika Ikko da acaba da gadi da tura ruwa bayan 2014 daga waɗannan garuruwa suka fito, Musulminsu da Kiristansu. Namu suka nufi zango da masallaci, nasu suka nemi cocin da ake wa'azi da Hausa. Wani fasto da ke sayen goro a wurin mahaifina in za a kai gaisuwar aure ya gaya min cewa in yaro ya sauka daga mota, tambayar farko ita ce daga wace gunduma, wane ne fastonka. Nan take za a buga waya gida a tabbatar, sannan a nema masa tabarma. Da gwamnatin Ikko ta hana acaba a wasu ƙananan hukumomi a 2020, ta ƙara tsanantawa a 2022, ya ce kuɗin motar komawa gida na wasu daga baikon Lahadi aka cire shi. Na ce masa ai haka Baba ke yi wa yaran Kura da Bichi, sai dai shi daga aljihunsa. Ya yi dariya ya ce, to Alhaji shi kaɗai ne majalisa.

Shugabannin EYN sun koma Kwarhi bayan sojoji sun ƙwato yankin, aka gyara ofisoshi, kwalejin ta ci gaba da karatu. A Maris 2023 suka yi bikin cika shekara 100 da sujadar Garkida. A 2024 babban taronsu, wanda su ma Majalisa suke ce masa, ya zaɓi Rabaran Daniel Mbaya ya gaji Joel Billi. TEKAN kuwa ta cika shekara 70 a 2025.