Wace ƙasa ce "gida"? Ƙungiyar mazan jiya Yahudawa ta Jamus (1919-1938) da takwararta ta Amurka

Gabatarwa

A cikin wannan maƙala muna son mu bi tarihin wata ƙungiya ta mazan jiya, wato tsofaffin sojoji, wadda Yahudawan Jamus suka kafa bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, sannan mu gwama ta da takwararta ta Amurka. Abin da ya jawo mu ga wannan batu al'amari ne na ma'anar kalma. Kowace ƙungiyar mazan jiya tana magana ne da sunan ƙasar da mambobinta suka yi wa yaƙi. To amma ga Yahudawan ƙarni na 20, kalmar da Faransanci ke kira patrie tana iya nufin wurare biyu. Hausa ta raba su: akwai ƙasar haihuwa, inda aka binne cibiyar mutum, akwai kuma ƙasar gado, wadda ake danganta kai da ita ta wajen kakanni ko da ba a taɓa taka ta ba. Za mu duba wadda kowace ƙungiya ta zaɓa, da hujjar da ta kafa, da abin da hujjar ta haifar.

1. Kalmomin da aka yi gardama da su

Jamusanci yana da kalmomi biyu a wannan fage. Vaterland, a zahiri "ƙasar uba", ita ce ƙasa a matsayin daula, wadda ake ɗaukar bindiga dominta. Heimat kuwa ta fi kusa da "gida" ko "mahaifa": gari, karin harshe, kaburburan dangi. Ibrananci na zamani yana amfani da moledet, daga saiwar y-l-d mai nufin haihuwa, ƴar'uwar saiwar w-l-d ta Larabci wadda Hausa ta samu "mauludi" daga gare ta. Masu aƙidar Sahayoniya, waɗanda suka yi babban taronsu na farko a Basel a 1897, sun ɗora wannan kalma bisa Falasɗinu, ƙasar da akasarinsu ba a can aka haife su ba. Ke nan kalmar da asalinta ke nufin ƙasar haihuwa ta koma tana nufin ƙasar gado.

Mafi yawan Yahudawan Jamus ba su bi wannan hanya ba. Babbar ƙungiyarsu, Centralverein, wadda aka kafa a 1893, ta bayyana matsayinta tun daga cikakken sunanta: ƙungiyar "ƴan ƙasar Jamus masu bin addinin Yahudu". A wannan yankin suna "ɗan ƙasa" ne jigo, addini kuwa siffantawa ce da ke biye. Daga cikin wannan jama'a ne ƙungiyar da muke nazari ta fito.

2. Ƙidayar 1916

Doka ta daidaita Yahudawa da sauran ƴan ƙasa a arewacin Jamus a 1869, aka kuma faɗaɗa ta ga dukan daular a 1871. Amma rundunar Purusiya ta ci gaba da rufe musu ƙofa: daga 1885 zuwa 1914 babu Bayahuden da ya zama hafsa a rukunin sojojin ko-ta-kwana muddin bai bar addininsa ba. Shi ya sa da yaƙi ya ɓarke a Agustan 1914, da yawa suka ɗauke shi damar nuna cewa su ma Jamusawa ne cikakku. Centralverein da ƙungiyar Sahayoniyawan Jamus duka sun yi kira ga matasa su shiga soja. Ludwig Frank, ɗan majalisar dokoki na jam'iyyar SPD, ya shiga da kansa, aka kashe shi ranar 3 ga Satumba 1914.

Daga al'ummar da ba ta wuce rabin miliyan da kaɗan ba, kimanin mutum dubu 100 ne suka sa kaki. Kusan dubu 78 sun je fagen daga, kimanin dubu 12 kuma ba su dawo ba. Duk da haka, da yaƙin ya yi tsawo, abinci ya yi ƙaranci, sai ƙorafe-ƙorafe suka riƙa isa ma'aikatar yaƙi cewa Yahudawa suna laɓewa a ofisoshi. Ranar 11 ga Oktoba 1916 ministan yaƙi na Purusiya, Wild von Hohenborn, ya ba da umarnin a ƙidaya sojoji Yahudawa, a ware na fagen daga da na baya. An yi ƙidayar, amma ba a buga sakamakonta lokacin yaƙin ba. Wannan shiru ya fi ƙidayar kanta illa, domin kowa ya cike giɓin da abin da ya riga ya yi zato. Bayan an sha kashi a 1918, zargin ya haɗu da tatsuniyar nan ta cewa ba a ci rundunar Jamus a fagen daga ba, daga cikin gida aka soke ta ta baya.

3. Kafuwar ƙungiya da hujjarta

A Fabrairun 1919, a Barlin, Kaftin Leo Löwenstein, masanin kimiyya ɗan garin Aachen wanda ya yi aikin gano mazaunin igwar abokan gaba ta hanyar auna ƙara, ya kafa ƙungiyar da ta shahara da sunan Reichsbund jüdischer Frontsoldaten (RjF), wato tarayyar sojojin fagen daga Yahudawa. Mambobinta sun haura dubu 30, da rassa a ɗaruruwan garuruwa. Buƙatar ƙungiya ta musamman ta ƙara fitowa a 1924, lokacin da Stahlhelm, ɗaya daga manyan ƙungiyoyin mazan jiya na ƙasar, ta hana Yahudawa shiga cikinta.

Ayyukan RjF sun haɗa da taimakon naƙasassun yaƙi da matan mamata da marayu, da kula da kaburbura. A maƙabartar Weissensee ta Barlin an buɗe dutsen tunawa da mamatan yaƙi a 1927. Tana da jarida mai suna Der Schild, wato "garkuwa", da ƙungiyoyin wasanni. A Nuwamban 1923, da ƴan tarzoma suka afka wa unguwar Scheunenviertel inda Yahudawa baƙi daga gabashin Turai ke zaune, mambobinta sun fito kāre jama'a. Ta kuma goyi bayan kafa wata unguwar manoma a Gross-Gaglow kusa da Cottbus a 1930. Wannan gona martani ce ga ɓangarori biyu: ga masu cewa Bayahude ba ya noma, da kuma ga Sahayoniyawa masu horar da matasa noma domin su tafi Falasɗinu. RjF tana cewa ne ƙasar da za a noma tana nan Jamus.

Babban aikinta shi ne littafin tunawa na 1932, mai ɗauke da sunayen mamata fiye da dubu 10, kowane da ranar haihuwarsa da ta mutuwarsa da rundunarsa. A wajenmu wannan littafi shi ne amsar ƙidayar 1916: an shafa musu kashin kaji da alƙaluman da aka ɓoye, sai suka mayar da martani da sunaye waɗanda kowa ke iya bincikawa. Shugaban ƙasa Hindenburg ya aiko da wasiƙar godiya.

Sai dai ya kamata mu lura da ginin hujjar. RjF tana cewa: mun zubar da jini, saboda haka mu ƴan ƙasa ne. Wanda ya faɗi haka ya riga ya yarda, ko bai nufa ba, cewa zama ɗan ƙasa lada ne na wani aiki, alhali tsarin mulkin Weimar na 1919 ya ɗauke shi haƙƙi ne da kowa ke da shi. Kuma hujjar ba ta ce komai ba dangance da wanda bai yi yaƙi ba: mace, yaro, tsoho, da wanda aka haifa bayan 1900.

4. Daga togiya zuwa rushewa, 1933-1938

Hitila ya hau mulki ranar 30 ga Janairu 1933. Ranar 1 ga Afrilu, da ƴan Nazi suka tsaya ƙofar shagunan Yahudawa suna hana ciniki, wani ɗan kasuwa na Cologne, Richard Stern, ya tsaya a bakin shagonsa sanye da lambar yabonsa ta yaƙi; hoton ya zama sananne. Ranar 4 ga wata Hindenburg ya rubuta wa Hitila yana neman a sassauta wa mazan jiya. Dokar 7 ga Afrilu, wadda ta kori Yahudawa daga aikin gwamnati, ta zo da togiya: ban da wanda ya je fagen daga, ko wanda ubansa ko ɗansa ya mutu a yaƙi, ko wanda ke aiki tun kafin Agustan 1914. Dokar lauyoyi ma haka. Daga lauyoyi Yahudawa 4.585, guda 3.167 sun ci gaba da aiki, kusan kashi 70 cikin 100. Wannan adadi ya ƙaryata zargin 1916 fiye da duk wata takardar da RjF ta taɓa bugawa.

Magabatan ƙungiyar sun ɗauki togiyar alamar cewa hujjarsu ta ci. Löwenstein ya riƙa aika takardun koke ga hukumomi yana neman a ba mazan jiya da ƴaƴansu matsayi a sabon tsari, har da izinin shiga soja. Sahayoniyawa sun zargi ƙungiyar da raba al'umma gida biyu, masu gata da marasa gata. A ganinmu zargin yana da tushe, ko da yake togiyar ta ba dubban iyalai ɗan lokaci da abin sakawa a baki.

Togiyar kuwa ta rataya ne ga mutum ɗaya. Hindenburg ya mutu a Agustan 1934. Dokar soja ta 21 ga Mayu 1935 ta hana Yahudawa aikin soja. Dokokin Nuremberg na Satumban 1935 sun ƙwace musu cikakken matsayin ɗan ƙasa, kuma zuwa 31 ga Disamba an sallami sauran ma'aikatan gwamnati, har da mazan jiya. Togiyar a aikin gwamnati ba ta cika shekara 3 ba. A cikin wannan tsakani ne hukumomi suka riƙa aika wa mazan jiya Yahudawa sabuwar lambar girmamawa ta yaƙin 1914-1918 da sunan Hitila. A 1936 aka hana RjF duk wata harkar siyasa, aka bar ta da kula da naƙasassu. A 1938 aka janye izinin sauran lauyoyi, bayan ta'asar 9 da 10 ga Nuwamba kuma ƙungiyar ta rushe, jaridarta ta daina fita.

Abin da ya rage na "gatan" shi ne wannan: cikin maza kimanin dubu 30 da aka kai sansanonin gwale-gwale a Nuwamban 1938, an fara sakin waɗanda suka je fagen daga. A taron Wannsee na 20 ga Janairu 1942 an tsara a kai masu manyan raunuka da masu manyan lambobin yabo Theresienstadt. Daga can aka wuce da mutane da yawa Auschwitz. Löwenstein kansa an kai shi Theresienstadt a 1943. Ya tsira, ya rasu a 1956 lokacin wata ziyara a Isra'ila. Richard Stern ya yi hijira zuwa Amurka a 1939, ya shiga rundunarta, ya yaƙi Jamus.

5. Takwararta ta Amurka

Ƙungiyar Amurka ta girmi ta Jamus. Ranar 15 ga Maris 1896, mazan jiya 63 na yaƙin basasar Amurka suka taru a New York suka kafa ƙungiyar da daga baya, a 1929, ta ɗauki sunan Jewish War Veterans. Dalilin kafa ta iri ɗaya ne: an buga a mujallu cewa Yahudawa ba su yi wa ƙasar yaƙi ba. Hujjar ma iri ɗaya ce, ta sunaye da lambobin yabo.

Maris na 1933 ya sa ƙungiyoyin biyu suka fuskanci juna. Ranar 23 ga wata ta Amurka ta yi maci a New York tana kiran a ƙaurace wa kayan Jamus. A makon nan ne RjF ta rubuta wa ofishin jakadancin Amurka a Barlin tana ƙin amincewa da yadda ake yayata labarin ta'asa a waje. Dole a karanta wannan wasiƙa tare da sanin matsin da gwamnati ta yi wa ƙungiyoyin Yahudawa a lokacin. Amma ta kuma dace da abin da RjF ta daɗe tana faɗi, cewa ba ta da wata ƙasa sai Jamus.

Ranar 4 ga Afrilu 1948 ƙungiyar Amurka ta sake jagorantar babban maci a New York, wannan karo domin goyon bayan kafa ƙasar Yahudawa a Falasɗinu, bayan gwamnatin Amurka ta nuna ja da baya daga shirin raba ƙasar na Majalisar Ɗinkin Duniya na 1947. Yaƙin da ya biyo baya ya kafa Isra'ila, ya kuma raba Falasɗinawa kimanin dubu 700 da gidajensu, wato kalmar "gida" ta sake zama abin gardama ga wata al'umma. Abin lura a nan shi ne, ƙungiyar ta riƙe ƙasar haihuwa da ƙasar gado gaba ɗaya ba tare da ta rasa matsayinta ba. A 1984 ma majalisar dokokin Amurka ta ba ta takardar amincewa.

Kammalawa

Ƙungiyoyin biyu sun taso daga zargi ɗaya, sun kafa hujja ɗaya. Wadda ta yanke hulɗa da ƙasar gado domin ta tabbatar da biyayya ita ce aka kora. Wadda ta riƙe biyun ita ce ta ɗore. Bambancin yana ga dokar ƙasa: a Amurka gyara na 14 ga tsarin mulki, na 1868, ya sa haihuwa kaɗai ta isa shaidar zama ɗan ƙasa, saboda haka aikin soja hujja ce ta kāre mutunci kawai. A Jamus bayan 1933 an mai da shi sharaɗin zama, wanda ya gindaya sharaɗin kuma yana da ikon janye shi. Jamus ta yau ta koma ga waɗannan sunaye: a 2006 an kafa sabuwar tarayyar sojoji Yahudawa cikin rundunarta, a 2014 kuma aka sa wa wani barikin soja na Aachen sunan Löwenstein.

Ga ɗalibanmu masu fassara irin waɗannan takardu zuwa Hausa, shawararmu ita ce kada a ba Vaterland da Heimat da moledet da patrie fassara guda. A duba wanda ke magana, da shekarar, da wanda yake yi wa maganar, kafin a zaɓi "ƙasar haihuwa" ko "ƙasar gado".